Bakaniken da Ke Ɗanɗana Jirgi

Shekara ashirin da shida na yi ina dafa wa Daeng Narang abinci, ko sau ɗaya bai taɓa cewa ya yi daɗi ba. Ni ne Lallo, kukun jirgin ruwan nan Bulang Keke. Shi ne bakaniken injin, wanda mu a jirgi muke ce wa Bas; Daeng ɗin laƙabin girmamawa ne a wajenmu. Ɗakin girkina yana daidai saman ɗakin injinsa, don haka hayaƙinsa nake shaƙa, shi kuma ruwan wankin shinkafata ke ɗiga masa a ƙeya. Duk wanda ya ce maka mun taɓa wuni ba mu zagi juna ba, to ranar ɗayanmu ba ya cikin jirgi.

Ɗan garin Tana Beru ne, inda kowane gida sassaƙar jirgi ake yi. Ubansa masassaƙi, kakansa masassaƙi, yayyensa uku duk masassaƙa. Shi kuwa ranar da aka fara miƙa masa gizago, katako bai ji komai ba, babban yatsan ƙafarsa ne ya ji. Ya tattara ya gudu Makassar, ya shige garejin manyan motoci, ya daina zuwa gida sai da salla. Da mahaifin kyaftin ɗinmu ya gaji da zaman jiran iska, sai ya sayi injin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ta faɗa kwazazzabo, aka turo Narang ya dasa shi a cikin jirgi. Ya ce wa matarsa, Daeng Sunggu, aikin kwana uku ne. Shekara talatin da huɗu ke nan tana jiran kwana ukun nan su cika.

Kuma duk shekarun nan bai iya iyo ba. Mun sha yi masa tsiya a kan haka, amsarsa ɗaya ce kullum.

"Ku da kuka iya iyo ai ba ruwanku da jirgi. Ni in ya nutse na nutse, shi ya sa nake duba shi."

Bulang Keke jirgin katako ne, mai filafilai bakwai na kama iska, muna kai siminti da shinkafa tsibirin Flores mu dawo da busasshiyar kwakwa. Idan iska ta yi kyau aka ɗaga filafilai aka kashe injin, kowa murna yake, ban da Bas. Sai ya hau kan durom ya zauna yana cin magani, wai an wulaƙanta Tsohuwa. Haka yake kiran injin, kuma wallahi yadda yake lallashinta bai taɓa lallashin Daeng Sunggu haka ba.

Kowace safiya, da gari ya waye, kafin kowa ya kai loma baki, zai ɗaura tsohon zanensa mai maiƙo ya sauka. Ba ya canza tsari, ko da gobara ake. Ya zaro sandar gejin baƙin mai ya goge a tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya murza man tsakanin yatsu biyu. Ya danna fambel da babban yatsa ya ji ko ya saki. Ya kwance gindin matatar man gas ya tsiyaye ruwan da ya kwanta. Ya buɗe rariyar da ruwan teku ke bi yana sanyaya injin, ya ciro ledoji da ciyawa, wata rana har da ɗan kaguwa, sai ya aiko mini da shi wai in ƙara a miya ko ta yi auki. Daga nan ya rarrafa can baya, inda sarƙar sitiyari ta haɗu da sandar allon tuƙi, faffaɗan katakon nan da ke cikin ruwa yana juya jirgi. Ya kwanta rigingine ya ƙwala wa matuƙinmu kira.

"Jumakking! Juya!"

Jumakking ya murza sitiyari dama har ƙarshe, ya dawo hagu har ƙarshe, Bas na kwance yana sauraren sarƙa, yana bin ta da yatsa cike da giris, yana taɓa notuna ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan kowane bakanike na iya yi. Abin da ya sa aka san Daeng Narang daga tashar Paotere ta Makassar har Maumere da ke Flores shi ne wani gwangwanin madara da ke ɗaure da igiya a ƙugunsa. Wuri uku yake ɗiban ruwa da shi: lagireton injin, da ƙasan cikin jirgi, da wani ɗan rami a gindin sandar allon tuƙi. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya kurkure baki da shi, ya tofar. Jirgin katako dai ba ya rabuwa da ruwa a ciki, abin tambaya shi ne daga ina ya shigo. In ba gishiri, ruwan sama ne ya tsatso ta bene, ba komai. In da gishiri, teku ta sami ƙofa.

Ɗanɗana ruwan jirgi tsohuwar ɗabi'a ce, kakanninmu ma sun yi. Amma harshen Narang daban yake. Zai tofar ya ce, "Wannan ruwan saman shekaranjiya ne, ya biyo ta kan buhunan shinkafa." Ko ya ce, "Wannan ruwan wankin tukunyar Lallo ne, Allah ya isa." Wata rana ya ce kashi uku na sama ne, kashi ɗaya na teku, aka bi aka duba, aka tarar da tsaga a katako wadda farce da ƙyar zai shiga. Har kyaftin-kyaftin na wasu jirage sukan aiko masa da ruwa a kwalba ya ɗanɗana musu, yana ta hura hanci.

A jirginmu kuma ba a kwance igiya sai an yi tambaya ɗaya. Kyaftin ɗinmu, Puang Mappa, zai leƙo daga ɗakin tuƙi ya ce, "Bas, ruwa?" Shi kuma ya amsa, "Na sama ne, Puang." Sai a tashi. In ya ce, "Na ƙasa ne," ko sarki ke jiran kayan, babu inda za a je. Haka mahaifin Puang Mappa ya yi, haka shi ma ya gada.

To wannan harshen ne ake kawowa kan abincina sau uku a rana. Ya ɗebi cokali ɗaya na miyar kifi da tsamiya, ya lumshe ido daidai yadda yake yi wa ruwan gindin jirgi, sannan ya ɗago.

"Lallo, ka sake zuba teku a tukunya."

"Ci ko ka bari, mai shan ruwan ɓeraye."

"Na ɓerayen ya fi. Su ba sa cika gishiri."

"Allah ya ƙone harshen nan, in huta."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in na koma na ɗanɗana a ɓoye, sai in tarar gaskiya ya faɗa. Hannuna yana da nauyi a gishiri, na sani, uwata ma haka take. Amma ba ga Narang zan amsa wannan laifi ba.

Addu'ar nan tawa kuwa, da na san za a karɓa da ban yi ba. Wani zuwa da muka yi Maumere zazzaɓi ya kama shi, muka sauke shi a gida ya yi mako uku a kwance. Ya dawo ya rame, zanen nan sai ya zagaye shi sau biyu. Na zuba masa miya, na gyara tsayuwa ina jiran zagi. Ya cinye ya ajiye kwano ya tashi. Na ce to, ya leƙa kabari ya dawo, ladabi ya shige shi. Rana ta biyu haka. Rana ta uku sai na ji haushi ya kama ni, don mutumin da aka saba zaginsa in aka daina sai ya ji kamar an raina shi. Rana ta tara na haɗa masa gahawa, maimakon sukari na zuba cokali uku na gishiri. Ya karɓa ya shanye tas, har da lashe baki.

Na bi shi ɗakin injin, na tarar da shi yana goge sifana.

"Bas, yaya gahawar yau?"

"Kamar kullum. Ruwan wanke tukunya."

"Gishiri na zuba. Cokali uku."

Hannunsa ya tsaya a kan sifanar. Ya ja wani galan ya zauna.

"Wa ka gaya wa?"

"Wa zan gaya wa? Kifi?"

"Likita ya ce zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa. Komai na sa a baki, kamar ina tauna tsumma. Sunggu ma ba ta sani ba, tana can tana gaya wa maƙwabta wai na fara yabon girkinta." Ya shafa fuska da hannun giris. "In Puang ya ji, sauke ni zai yi, Lallo. Surukinsa ya daɗe yana tallata masa wani mai takardar makaranta. In koma Tana Beru in yi me? In riƙe wa jikokin yayyena igiyar awo? Can har yau Mai Yatsa Tara suke ce mini."

"To duk safiyar nan da kake cewa na sama ne fa?"

"Ba a yi ruwa ba, ramukan kusan a bushe suke. Sa'a nake ci."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar, kuma ban ji daɗin ganinsa ba ko kaɗan. Na ce masa ya miƙo gwangwanin. Ya ɗebo na ƙasan jirgi ya ba ni. Jama'a, ban san me na yi wa Allah ba. Man gas, tsatsa, ruɓaɓɓen katako, da wani abu da na tabbata ɓera ne ya bari. Na tofar, na yi kakari har hawaye.

"Da gishiri?" in ji shi.

"Babu, ɗan banza. Komai akwai ban da gishiri."

"To ɗanɗana na baya."

Daga ranar muka shirya dabararmu. Kowace safiya in ya gama zagayensa sai ya hauro da gwangwani yana ihu, kowa na ji.

"Lallo! Zo ka sha, ka koyi yadda ake miya!"

Ni kuma in zage shi tas, in ce ba abin da zai gagare ni, in karɓa in kurɓa in tofar. In ce, "Lami! Ko gishiri babu, irin girkin gidanku." Ma'aikatan jirgi su yi ta dariya, suna cewa tsofaffin nan sun fara taɓuwa. Sau uku yake haurowa, na lagireto, na ƙasa, na baya. Sannan Puang Mappa ya leƙo ya ce, "Bas, ruwa?" shi kuma ya amsa da ƙarfinsa. Sau ɗaya na ji gishiri a na lagireto, na ce, "Yau kam ka fi ni nauyin hannu." Ya juya ya ce wa Puang na ƙasa ne, aka tarar da bututu ya huje, sunansa ya ƙara tashi a Paotere. Ni ko sannu ba wanda ya ce mini.

Wata bakwai ina karya kumallo da ruwan gindin jirgi. Bakina ya koma warin man gas, matata ta ce in daina matsowa kusa da ita in ina magana. Girkina ya ƙara lalacewa, kowa na ƙorafi, sai mutum ɗaya da ya kamata ya yi ƙorafin, shi ne ke cinyewa shiru. Wani lokaci yakan tuna ya jefo mini zagi don kada a gane, amma zagin ba shi da armashi, ni na san canka yake.

Ranar da abin ya faru muna Paotere, farkon damina. Kwana ɗaya kafin nan an loda siminti fiye da yadda aka saba, har bayan jirgi ya zauna sosai cikin ruwa, kuma tun azahar ake sheƙa ruwan sama har magariba. Da sassafe na tafi kasuwa sayen kifi da tsamiya, da niyyar in dawo kafin Bas ya gama zagaye. Sai na tarar da hanya ta cika da ruwa, mai keken da ya ɗauko ni ya ce shi ba kwalekwale yake tuƙawa ba. Na taho da ƙafa, ruwa har gwiwa, kwandon kifi a ka. Ina isowa na ji Tsohuwa na ruri, ana kwance igiyar gaba.

"Yi sauri, Daeng Lallo," in ji Jumakking. "Puang na so mu fita kafin iska ta juya. Saura kaɗan mu bar ka."

"An tambayi ruwa?"

"Tun ɗazu. Puang ya sauka da kansa har baya, ramin ya cika taf. Bas ya kurɓa a gabansa ya ce na sama ne. Ai ka ga ruwan jiya."

Na shige ɗakin girki, sai ga gwangwanin a kan teburina, rabinsa da ruwa. Ajiye mini ya yi. Na sauke kwando na kurɓa. Ban ma kurkure baki ba. Teku ce zalla, gishirin har ya fi na miyata.

Na sauka ɗakin injin ina tuntuɓe. Yana tsaye ya dafa Tsohuwa, da ya ga fuskata ya gane. Na kai baki kunnensa saboda ƙara.

"Na ƙasa ne! Maza hau ka ce ka sake ɗanɗanawa. Ka ce na farkon ruwan sama ne ya taso a kai, na biyun ka ɗebo daga ƙasa. Ba wanda zai ce komai, har yaba maka za a yi!"

Wallahi dabara ce mai kyau, har yau ina ganin haka. Jirgi ya tsira, shi ma ya tsira. Amma sai ya girgiza kai.

"Lallo, mutum goma sha ɗaya ne a jirgin nan. Puang ya dube ni, na dube shi, na faɗi abin da ban sani ba. Ruwa ne ya tsare ka yau. Gobe in zawo ya tsare ka fa? In ka mutu fa? Da irin girkinka ba wuya."

"Kai tsohon banza, sauke ka zai yi!"

"Na sani."

"To bari in yanke fambel da wuƙata, a ce shi ya tsayar da mu, mu sami lokacin shawara."

"Taɓa mini fambel in yanke maka hannu."

Ya miƙa hannu ya kashe injin. Jirgi ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwa daga filafilai. Ya gyara zanensa ya hau, ina biye da shi. Puang Mappa ya riga ya fito daga ɗakin tuƙi, ransa a ɓace.

"Bas, lafiya?"

"Na ƙasa ne, Puang."

"Ɗazu ka ce na sama."

"Canka na yi. Harshena ya mutu tun zazzaɓin Maumere. Wata bakwai ke nan Lallo ke ɗanɗana mini. Yau ba ya nan, na ji kunyar in ce ban sani ba."

Duk suka juyo suna kallona. Jumakking ya buɗe baki ya ce, "Au, dama ba hauka kuke ba?" Ba wanda ya yi dariya.

Puang ya sa aka mayar da igiya, aka kira 'yan dako suka fara sauke simintin baya. Zuwa la'asar bayan jirgi ya ɗago, aka shiga da fitila. Katakon da ya riƙe sandar allon tuƙi, daga waje lafiya lau, amma tsutsar ruwa ta cinye cikinsa. Da can wurin yana saman ruwa, nauyin simintin jiya ne ya nutsar da shi. Puang ya danna yatsa, yatsan ya shige kamar cikin dafaffen rogo. Ba wanda ya faɗa, amma kowa ya tuna irin raƙuman ruwan da ke mashigin Selayar a wannan wata, da abin da ke samun jirgi mai siminti in allon tuƙinsa ya fita. Jumakking ya koma gefe ya zauna a kan igiya ya daɗe bai tashi ba.

Kwana huɗu aka yi ana gyara. Bas ne ya tsaya a kan masassaƙan, yana musu tsawa kamar ya taɓa iya riƙe gizago. Da aka gama, Puang ya kira mu mu biyu ɗakin tuƙi ya rufe ƙofa.

"Daeng Narang, kai ka ɗauke ni a kafaɗa ka nuna mini injin nan ina ƙarami. Da tun farko ka zo ka ce harshe ya tafi, da ni da kaina zan ba ka Lallo, ya sha ruwan har ya mutu. Amma na tambaye ka, ka amsa mini. Yanzu duk safiyar da na ce Bas, ruwa, sai zuciyata ta ce anya. Ba zan iya fita teku da anya ba. Za mu biya ta Bira, kusa da garinku, ka sauka."

"Haka ne, Puang," in ji shi.

Ni kuwa jinina ya hau. Na ce mutum ya tona wa kansa asiri don ya ceci jirgi, sakayyarsa ke nan? Na ce ai ni na kawo masa dabarar ƙarya ya ƙi. Na ce in dai haka ne ni ma a sauke ni, kuma in ga wanda zai dafa musu ko ruwan zafi.

"Kai rufe mana baki," in ji Puang. "In na sauke ka babu jirgin da zai ɗauke ka, alhakin matarka ne zai kama ni."

Har yau ina jin haushin hukuncin nan, kuma har yau na kasa cewa ba daidai ba ne. Abin da ke ƙona mini rai ke nan.

Sabon bakaniken ya shigo a Makassar, wani mai tabarau ɗan shekara arba'in, da ɗan ƙarfen gwaji a aljihu wanda ake tsomawa a ruwa ya nuna lamba. Na so in tsane shi, sai ya zama mutumin kirki, abin haushi. Duk hanyar Bira Bas na zagayawa da shi. Ya nuna masa notin da ke son kwancewa, da irin tarin da Tsohuwa ke yi in man gas ya sha ruwa, da mahaɗar sarƙar da ke son giris sau biyu. A ƙarshe ya kwance gwangwanin daga ƙugunsa ya rataya a ƙusa kusa da geji.

"Ranar da batirin abin nan naka ya mutu," in ji shi, "ga wannan. In ba ka iya ba, kira wancan mai ƙona shinkafar."

Mun iso gaban Bira da hantsi, aka jefa anka. Puang ya ce ba za a sauke shi ba sai an ci abincin rana tare. Na zaɓi kifin da ya fi kowane, na jiƙa tsamiya, na daka barkono da kurkur, na tsaya a kan tukunyar nan kamar ranar aurena. Hankalina kuwa ba ya jikina, ido na ta yi mini ruwa, ina ɗora wa albasa laifi. Aka shimfiɗa tabarma a saman bene, kowa ya zauna, na zuzzuba, na ajiye kwalbar gishiri a tsakiya kamar kullum. Sai da na zauna na kai cokali bakina sannan na gane. Ban sa gishiri ba. Ko ƙwaya ɗaya. Shekara ashirin da shida ina cikawa, ranar da ta fi kowace sai na manta.

Na ga Jumakking ya kurɓa ya yamutsa fuska, hannunsa ya fara tafiya wajen kwalbar. Kafin ya kai, Daeng Narang ya ɗebi cokali ɗaya, ya lumshe ido, ya kurkure baki da shi yadda ya saba. Ya ɗago ya dube ni.

"Lallo, ka sake zuba teku a tukunya."

Hannun Jumakking ya tsaya. Kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa. Sai Puang Mappa ya ɗebi miyar nan ta lami ya haɗiye, ya yi gyaran murya.

"Gaskiyarka, Bas. Yau kam ya wuce gona da iri."

"Wallahi kuwa," in ji Jumakking, ya janye hannunsa ya ɗauki moɗa ya kwankwaɗi ruwa. "Kashe mu zai yi da hawan jini."

Sai suka ɗauka gaba ɗaya, wannan ya ce harshensa ya tsage, wancan ya ce a kai ni kotu. Har mai tabarau, da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya duba fuskokinsu ya ce shi ma bai taɓa cin gishiri irin wannan ba. Mutum goma sha biyu suka cinye tukunyar miyar da ba ta da ɗanɗanon komai, kwalbar gishiri na tsakiyarsu ba wanda ya taɓa ta.

Na buɗe baki in ce masa ci ko ka bari, mai shan ruwan ɓeraye. Rabin farko ne kawai ya fito. Ina son tsohon nan, ban taɓa gaya masa ba, kuma ranar ma ban gaya masa ba.

Ya sauke cokali, ya suɗe kwanon da yatsa, ya miƙo mini.

"Duk da haka ƙaro," in ji shi. "Kada a zubar, kifaye su mutu."

Na karɓi kwanon na tashi na ƙaro masa.